Koyar da Sifa da Madanganci a Firamare: Daga Bakin Yaro Zuwa Allo

A ajujuwa da yawa, darasin sifa yakan fara ne da malami ya juya wa yara baya, ya rubuta a allo: "Sifa kalma ce da ke ƙara bayani a kan suna." Sai aji ya ɗauka baki ɗaya, a maimaita, a sake maimaitawa, har 'yan ajin da ke maƙwabtaka su ma su haddace. Ranar jarrabawa yaro zai zubo jimlar nan babu tuntuɓe. Amma miƙa masa labari mai layi huɗu ka ce ya nuna maka sifa ɗaya tak, sai ya tsaya yana kallon sama. Yaron ba shi da laifi. An gaya masa suna ne tun ba a nuna masa mai sunan ba.

Abin da nake so kowane malami ya riƙe shi ne, ɗan shekara shida ya riga ya iya sifa kafin ya taka ƙofar makaranta. Yakan ce "sabuwar riga", yakan ce "manyan yara sun ƙwace mini", yakan ce "ba ni littafin" idan akwai wani takamaiman littafi da yake nufi. Babu wanda ya zaunar da shi ya karanta masa ƙa'ida. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta riƙa nuna wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7 zanen wata halitta da ta ƙirƙira wa suna, sunan da ba su taɓa ji ba, sannan ta nuna musu guda biyu ta bar su su faɗi jam'insa. Suka riƙa faɗa daidai da ƙa'idar Turanci. Wato ƙa'idar tana kansu, ba su dai san yadda za su bayyana ta ba. Aikinka, malam, shi ne ka jawo abin da ke bakin yaro ka ɗora shi a allo inda zai gan shi, sai daga baya ka raɗa masa suna.

Kafin a fara

Kada ka shiga sifa sai ka tabbata yara sun gane suna, domin sifa ba ta da wurin tsayawa idan babu shi. Gwajin mai sauƙi ne. Nuna abu, su faɗi sunansa tare da "ne" ko "ce": allo ne, taga ce, takalma ne. Minti biyar na wannan ya isa ya nuna maka inda ajinka yake, kuma ka riga ka shuka maganar namiji, mace da jam'i ba tare da ka ambaci kalmar jinsi ba.

Sai kayan aiki. Kwali ɗaya ya wadatar. Zuba masa fensirori dogaye da gajeru, murafen gora masu launi daban-daban, maɓallai manya da ƙanana, ƙyallaye, duwatsu, tsohon littafi da sabo. Ka kula cewa wasu abubuwan su zama da yawa, wasu kuma guda ɗaya tilo, kamar makulli ɗaya da madubi ɗaya. Amfanin wannan zai fito idan mun wuce madanganci, wato -n da -r na ƙarshen suna kamar a "littafin" da "rigar", mun zo kan takwaransa na Turanci, "the".

Mataki na farko: bar yaro ya ji buƙatar sifa

Baza fensirori shida a kan tebur. Kira yarinya ɗaya ka ce mata, "Kawo mini fensir." Za ta ɗauko wanda hannunta ya fara kaiwa. Karɓa, ka duba shi, ka ce, "Na gode, amma ba wannan nake so ba." Ta koma ta kawo wani. "Shi ma ba shi ba ne." Kafin zuwa na uku aji ya fara motsi, kuma lalle wani zai ɗaga murya daga baya: "Malam, to wanne kake so?" Wannan tambayar ita ce darasin gaba ɗaya. Sai ka ce, "Jan fensir." Nan take ta ɗauko shi.

Yanzu ka tambaye su: wace kalma ce ta taimake ta? Za su ce "ja". Ka sake wasan da murafe, da ƙyallaye, da littattafai. Daga nan ka ƙara wuya: ajiye jajayen fensirori biyu, dogo da gajere, ka ce "jan fensir". Za su gano da kansu cewa kalma ɗaya ba ta isa ba, sai an ce "dogon jan fensir". Sannan ka koma gefe ka bar su su riƙa aiken junansu bibbiyu. Wanda ke aike yana koyo fiye da wanda aka aika, domin shi ne yake neman kalmar.

Wannan salo ba sabo ba ne. Makarantun da ke bin tsarin Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, sun daɗe suna gabatar da sifa ta irin wannan wasan aike. Abin da ke burge ni da shi, ba ya cin kuɗi, kuma yana aiki ko a ajin da yara suka yi yawa.

A rana ta farko kada ka rubuta ma'ana a allo. Idan ya zama dole ka kira kalmomin da wani suna, ce musu "kalmomin da ke gaya mana wanne". Kalmar "sifa" za ta iya jira zuwa rana ta biyu ko ta uku, lokacin da suke da tarin misalai a hannu da za a rataya ta a kansu.

Akwai wani wasan da ke fito da sifofin da ido ba ya gani. Saka abu a cikin jaka, yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya bayyana wa aji abin da yake taɓawa: mai santsi ne, mai kaushi, mai nauyi, siriri, kakkaura. Sauran su canka. Idan ba a yi irin wannan ba, yara sukan tashi da zaton cewa launi da girma su ne kaɗai sifa.

Mataki na biyu: a hau allo

A nan ne Hausa take da abin da ya kamata a daɗe a kai, domin sifarta tana bin sunan da take tare da shi wajen jinsi da adadi. Raba allo gida uku. A saman na farko rubuta "littafi", na biyu "riga", na uku "takalma". Ka ba da sifa ɗaya da baki, su kuma su gaya maka yadda za ta zauna a kowane gida: sabon littafi, sabuwar riga, sababbin takalma. Farin littafi, farar riga, fararen takalma. Ci gaba da tsoho, tsohuwa, tsofaffi. Ƙarami, ƙarama, ƙanana. Dogo, doguwa, dogaye. Baƙi, baƙa, baƙaƙe. Ƙato, ƙatuwa, ƙatti. Kai dai rubutu kake yi, su ne masu faɗa.

Idan allo ya cika, tambaye su abin da suka lura da shi a ƙarshen kalmomin. Yi haƙuri da shirun da zai biyo baya, kada ka yi saurin cike shi. Wani zai ce, "Na tsakiya duk da r suka ƙare." Wata za ta ce na farko da na uku n ne. Sun gano ƙa'idar ke nan: idan sifa ta zo gaban suna takan ɗauki -n ga namiji da jam'i, -r ga mace. Zagaye haruffan da alli mai launi.

Bayan haka sai ka juya tsarin. "Farar riga" da "riga fara" duk Hausa ce, amma da sifa ta koma bayan suna sai ɗan harafin nan ya faɗi. Ba yara biyu katuna, ɗaya "riga", ɗaya "fara", na uku kuma ya riƙe ƙaramin kati mai "r". Idan mai sifa ya tsaya gaba, mai "r" ya shiga tsakani. Idan ya koma baya, mai "r" ya je ya zauna. Yara suna son wannan ƙwarai, kuma wanda ya taɓa riƙe katin "r" ba ya mantawa.

Sai kuma masu saɓa tsari, waɗanda bai kamata a ɓoye su ba. "Ja" ba ta sauyawa tsakanin namiji da mace, ɗan harafin ne kawai ke nuna bambanci: jan littafi, jar riga, amma jajayen takalma. Haka "babba": babban littafi, babbar riga, jam'inta kuma "manya", wadda ko kama da ita ba ta yi. Su ma sunaye suna da nasu. Yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" mata ne, amma gida, ruwa, suna da zakara duk maza ne, shi ya sa ake cewa sabon gida, ba sabuwar gida ba. Kada ka ba su jerin waɗannan su haddace. Ka ce su gwada da "ne" da "ce": gida ne ko gida ce? Kunnensu zai ba su amsa.

Kana iya yin naka gwajin irin na Berko. Zana wata halitta mai ƙafa uku da kunne ɗaya, ka ce, "Ga lankuda." Zana wata ka ce, "Ga lankudi." Sannan ka fara, "sab…" ka bar su su ƙarasa. Za ka ji yawancinsu sun ba ta farko "sabuwar", na biyu "sabon". Idan ka gaya musu cewa kai ka ƙirƙiri kalmomin yanzun nan, amma duk da haka sun san yadda za su yi da su, ka dubi fuskokinsu. Yaron da yake ganin nahawu ya fi ƙarfinsa, ranar yake gane cewa nasa ne.

Wata magana da ke da muhimmanci a nan: ba duk karin harshen Hausa ne ke bambance namiji da mace kamar yadda daidaitacciyar Hausa take yi ba. Akwai inda ake cewa "sabon mota" kuma babu wanda zai ɗaga gira, akwai kuma inda -r ɗin takan fito da wani sauti dabam. Idan yaro ya faɗi yadda ake faɗa a gidansu, kada ka ce masa ya yi kuskure, balle a yi masa dariya. Ce masa, "Haka ake faɗa a wurare da yawa. A rubutun makaranta kuma ga yadda muke rubutawa." Yaron da aka kunyata a kan harshen uwarsa yakan kulle bakinsa, kuma da rufaffen baki ba a koyon harshe.

Mataki na uku: sauran hanyoyin sifantawa

Sassauƙan sifofi irin su fari da dogo ba su da yawa a Hausa. Mafi yawan sifantawarmu da "mai" da "masu", "maras" da "marasa" muke yin ta: yaro mai hankali, jaka mai nauyi, ɗakuna masu faɗi, biro maras murfi. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ba su suna irin su ƙarfi, tsabta, haske, zurfi, su ƙulla shi da wani abu a cikin aji, sannan su kawo kishiyarsa.

Daga aji uku zuwa sama sai a kawo sifar da ake samu daga aikatau. Yaga takarda a gabansu: me ta zama? Yagaggiyar takarda. Karya guntun alli: karyayyen alli. Rufe taga, buɗe ƙofa: rufaffiyar taga, buɗaɗɗiyar ƙofa. Jam'insu duk da -u yake ƙarewa: yagaggu, karyayyu, rufaffu. Wannan rukuni yana da tsari sosai, don haka yara kan kama shi da wuri, sai dai a taimaka musu wajen rubuta baƙaƙen da ake ninkawa.

Kalmomin amsa-kama kuwa, irin su fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo ful, tsoho tukuf, su ne gishirin darasin. A bar yara su yi gasar kawo su. A dai nuna musu cewa "fat" ƙarfafa sifar take yi, "fari" ita ce sifar.

Mataki na huɗu: wani, wata, wasu da madanganci

A nan labari ya fi kwali amfani. Rubuta wannan a allo:

"Wani yaro ya tsinci wata jaka a bakin hanya. Yaron ya buɗe jakar, sai ya ga wasu littattafai a ciki. Littattafan duk sababbi ne."

Karanta da ƙarfi. Tambaye su: yaro nawa ne a labarin? Ɗaya. To me ya sa aka ce "wani yaro" da farko, daga baya aka ce "yaron"? Bar su su yi ta kokawa da tambayar. Amsar da kake nema, ko da a bakinsu ta fito a karkace, ita ce: da farko ba mu san shi ba, yanzu mun san shi. "Wani", "wata" da "wasu" su ke shigo da baƙo cikin zance. -N da -r na ƙarshen suna, waɗanda masana nahawu ke kira madanganci, su ke mayar da mu ga wanda aka riga aka ambata ko aka riga aka sani.

Don su ji nauyin abin, ɓata labarin da gangan: "Wani yaro ya tsinci wata jaka. Wani yaro ya buɗe wata jaka." Yanzu yara nawa ne? Za su ce biyu, wataƙila ma jakunkunan biyu ne. Harafi ɗaya ya sauya labari.

Rabon -n da -r daidai yake da wanda suka riga suka gani: littafin, takalman, amma rigar. Sunan mace da bai ƙare da "a" ba yakan ɗauki -n, kamar macen da gwamnatin. Kalmomin da suka ƙare da baƙi, waɗanda yawancinsu na aro ne, sukan ɗauki "ɗin": fensir ɗin, bas ɗin.

Ga inda ake yawan ruɗewa, har da manya. A rubuce, "rigar" da ke cikin "rigar malama" da "rigar" da ke cikin "na wanke rigar" iri ɗaya ne. Amma aikinsu daban. Ta farko tana haɗa kalma da kalma ne, tana jiran abin da zai biyo baya. Ta biyu ta gama maganarta. Ko a kunne sun bambanta: faɗi "na wanke rigar" ka saurari yadda murya ke faɗowa a gaɓar ƙarshe, abin da ba ya faruwa a "rigar malama". Ga 'yan ƙananan ajujuwa wannan ya yi zurfi, a bar shi. Ga 'yan aji biyar da shida kuwa, tambaya ɗaya ta isa: idan na tsaya a nan, maganar ta cika, ko kana jiran ka ji rigar wa?

A tsarin Montessori kowane rukunin kalma yana da alamarsa: suna babbar baƙar alwatika, sifa matsakaiciyar alwatika shuɗiya mai duhu, ƙananan kalmomi irin su "the" ƙaramar alwatika shuɗiya mai haske, aikatau kuma jar da'ira. Kana iya yanka su da kwali, yara su riƙa ɗora su a saman kalmomin jimla. Da yake madangancin Hausa a wutsiyar suna yake, sai a ɗora ƙaramar alwatikar a kan harafin ƙarshe. Ranar da aka shiga Turanci za su ga da idonsu yadda ta tsallako gaba.

Mataki na biyar: tsallakawa zuwa Turanci

Tun a 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwarsa, kuma darasin nan yana cikin wuraren da hikimar hakan take fitowa fili. Yaron da ya gane sifa da Hausa ba sabon abu zai koya ba, sabon wuri kawai zai nuna mata.

Sifar Turanci ta fi tamu sauƙi, kuma ya kamata a gaya wa yara haka, domin yana ƙarfafa musu gwiwa. Ba ta sauyawa saboda jinsi ko adadi. Mayar da allon nan mai gida uku: sabo, sabuwa, sababbi duk "new" ne. "New book", "new shirt", "new shoes". Kurakuran da za ka gani daga Hausa suke tasowa, kuma idan ka san tushensu gyaransu ba wuya. Wanda ya rubuta "reds pencils" jajaye yake fassarawa. Wanda ya rubuta "shirt white" yana bin "riga fara", ko kuma tsarin "jaka mai nauyi", alhali a Turanci gaban suna sifa take zama. Wanda ya ce "it has heavy" yana ɗauko "yana da nauyi" ne. Wajen kwatanci mu da "fi" muke aiki, "ya fi ni tsawo", shi ya sa "he is tall than me" da "more taller" suke yawa. Tsayar da yara uku a jere, "tall, taller, tallest", a yi ta faɗa ana nunawa. Idan sifofi biyu suka haɗu, girma yana riga launi: "a big red ball". Wannan kaɗai ya ishi ɗan firamare, ba sai an ɗora masa dukan jerin ba.

Ƙananan kalmomin nan uku, "a", "an" da "the", waɗanda malaman Turanci ke kira atikil, su ne masu wuyar. "The" ita ce kalmar da ta fi kowace yawan fitowa a Turanci, don haka babu hanyar kauce mata. Harsuna da dama, irin su Rashanci da Sinanci, ba su da irin waɗannan kalmomi sam, kuma masu jin su sukan sha fama da su har girma. Saboda haka kada ranka ya ɓaci idan ɗan aji huɗu bai kama su a zango ɗaya ba.

Koma ga kwalinka. Maɓallai suna da yawa, makulli ɗaya ne. Ka ce, "Give me a button." Kowanne aka kawo ka karɓa da murna. Sannan, "Give me the key." Babu tambaya, domin ɗaya ne. Sai ka gwada "Give me the button", ka bar su su rikice su tambaye ka wanne. Daga nan ka kawo labarin jakar nan da Turanci: "A boy found a bag. The boy opened the bag." Jera shi ƙarƙashin na Hausa, layi bisa layi. Wani yaro, "a boy". Yaron, "the boy". Gadar ta ɗauke su.

Sai dai gadar tana da iyaka, kuma wajibi ne malami ya san inda ta tsaya, ko da ba zai faɗa wa yara duka a rana ɗaya ba. Hausa tana barin suna tsirara a wurare da yawa da Turanci ba ya yarda. Muna cewa "rana ta fito", su sai sun ce "the sun", domin guda ɗaya ce kowa ya san ta. Muna cewa "shi malami ne", "ina da biro", su sai sun ce "he is a teacher", "I have a pen". Babu "wani" a jimlolin Hausar, don haka yaron da aka koya wa cewa "a" tana nufin "wani" kawai zai rubuta "he is teacher", kuma bisa abin da aka gaya masa yana da gaskiya. Wannan kuskure ne mai yawan faruwa, kuma maganinsa ƙa'ida ɗaya ce da za a manna a bango: a Turanci, sunan abu guda ɗaya da ake iya ƙirgawa ba ya tafiya shi kaɗai, sai da "a", "an", "the", ko wata kalma irin "my" da "this" a gabansa.

"A" da "an" sun samo asali ne daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin ɗaya, shi ya sa ba sa shiga gaban jam'i, ba sa kuma shiga gaban abin da ba a ƙirgawa, kamar "water" da "sand". A nan ma Hausa takan ja yaro wani wajen: muna da shawarwari da bayanai, amma "advice" da "information" ba su da jam'i kuma ba sa ɗaukar "an". A tanadi wannan sai aji biyar ko shida.

Game da zaɓi tsakanin "a" da "an", roƙona ɗaya ne: kada a ce wa yara su dubi harafi. A ce su saurari sauti. "An hour" ake cewa domin ba a furta h ɗin. "A university" ake cewa domin da sautin "yu" ta fara. Idan aka koya musu da harafi, sai an dawo ana warware abin da aka ɗaura. Sa su rufe ido, ka faɗi kalma, su ɗaga hannun dama idan "a" ce, hagu idan "an" ce. A nan ne kuma darussan biyu suke haɗuwa, domin kalmar da ke biye kai tsaye ita ke yanke hukunci, ko da sifa ce: "a book" amma "an old book", "an umbrella" amma "a big umbrella". Yi wannan da katuna uku a hannun yara uku, mai sifa ya kutsa tsakani, mai "a" ya sauya katinsa.

Ga manyan ajujuwa, tambayoyi biyu sun isa su zama sandar jagora yayin rubutu. Mai karatu ya san wanne nake nufi? Idan e, "the". Idan a'a, guda ɗaya ne da ake ƙirgawa? Idan e, "a" ko "an". Idan a'a, a bar shi haka ko a sa "some". Ba za su warware kowace jimla ba, "go to school" ma ta ƙi bin su, amma za su kai yaro nesa. Irin su "go to school" da "at home" a koyar da su a dunƙule, kamar kalma ɗaya.

Inda Faransanci ne harshen makaranta, matakan ba su sauya ba, sai ma a ce yaro mai Hausa ya shigo da riba, tunda ya saba da namiji da mace da jam'i, abin da "le", "la" da "les" suke nema ke nan. A dai gargaɗe shi cewa jinsin kalma a Hausa ba lalle ya dace da na can ba.

Mataki na shida: rubutu da gyara

Cike gurbi yana da amfaninsa, amma ba ya nuna ko yaro ya iya. Abin da ke nunawa shi ne rubutun kansa. Ba su jimla maras ado, "Yaro ya ga kare", kowa ya faɗaɗa ta yadda ya ga dama, sannan a karanta a ji karnuka nawa aka samu. Ko kowa ya bayyana wani abu da ke cikin ajin a jimla uku ba tare da ya faɗi sunansa ba, abokin zamansa ya canka. Za ka haɗu da mai jera sifa biyar a gaban suna ɗaya don ya burge ka. Yaba masa, sannan ka tambaye shi: idan guda ɗaya kawai za ka bari, wacce ce ta fi nuna mana karen nan? Daga wannan tambayar ake fara koyon rubutu mai kyau.

Wajen gyara, kada ka cika takarda da jan biro. Idan darasin makon na "a" da "the" ne, su kaɗai za ka duba. Kada ma ka rubuta amsar. Sa ɗan ɗigo a gefen layin da ke da matsala, ka mayar masa ya nemo da kansa, ko shi da abokinsa. Idan kuskuren a magana ne, maimaita jimlar daidai cikin amsarka ka wuce: ya ce "I have pen", ka ce "You have a pen? Show me." Kurakuran da suka yi yawa a aji kuwa, tara su ka rubuta uku a allo ba tare da sunan kowa ba, a gyara tare.

Kada a tattara duk wannan a mako ɗaya. A aji ɗaya da biyu, wasan kwali da jaka da labari sun isa, yawanci da baki. A aji uku da huɗu a shigo da sunayen nahawu da allo mai gida uku da "a", "an", "the" na farko. Bambancin madanganci da harafin haɗi irin na "rigar malama", sunayen da ba a ƙirgawa, da tambayoyin nan biyu, na aji biyar da shida ne. Bayan an wuce darasin, a riƙa dawowa gare shi minti biyar sau biyu a mako: ɗauko jimla ɗaya daga littafin karatun ranar, ko na kimiyya ne, a nemo sifar da ke ciki, a tambayi dalilin da ya sa marubucin ya ce "the" a nan bai ce "a" ba. Ka ajiye rubutun kowane yaro na farkon zango a cikin fayil, ka ba shi irin aikin a ƙarshen zango, sannan ka miƙa masa takardun biyu ya gyara ta farkon da hannunsa.